Filin Tambaya da Amsa: Wai daga ina ake fara karatun tsarin fasalin kamfani?

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, batun tsara fasalin kamfani ko ma'aikata, wato aikin nan na zama a zana yadda ayyuka da mutane da bayanai da manhajoji da injina suke haɗe da juna, wanda 'yan harkar suke ce wa EA a taƙaice. Yawancinku littattafai kuke tambaya, wanne ne tushe wanne ne ɓata lokaci. Na haɗe masu kama da juna, masu tsawo kuma na rage su, ga su nan.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni firogirama ce, kwanan nan aka mayar da ni sashen EA a wurin aikinmu, ogana ya ce in je in karanta tushen abin tukuna. Na shiga intanet na ga sunaye ba iyaka, Zachman, TOGAF, DoDAF, ArchiMate, har kaina ya ɗau zafi. Dan Allah daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, sunayen ne da yawa amma asalinsu bai taka kara ya karya ba. Fara da muƙalar John Zachman ta 1987, sunanta A Framework for Information Systems Architecture, a mujallar IBM Systems Journal ta fito, zama ɗaya ko biyu kin gama da ita. Sai dai kafin ki buɗe ta ki fara sanin matsalar da ta sa aka rubuta ta, don duk littattafan fannin nan haka suke, kowanne amsa ce ga wata damuwa da ta ishi wasu mutane a wani lokaci, in ba ki san damuwar ba sai ki ga kamar surutu ne kawai da akwatuna da kibiyoyi.

A shekarun 1970 da 1980 manyan kamfanoni sun cika da kwamfutoci, kowane sashe ya gina nasa sistem, masu albashi da nasu, masu sito da nasu, masu ciniki da nasu, kwastoma ɗaya sai ki same shi a wuri uku da lamba uku da adireshi biyu, in shugaban kamfani ya ce kwastomominmu nawa ne sai a kawo masa amsa uku kuma kowa ya dage tasa ce daidai. IBM tana da wata hanya tun kafin nan mai suna BSP, wadda Dewey Walker ya jagoranta, inda ake zama da manyan kamfani a jera ayyukansu da irin bayanan da kowane aiki yake samarwa ko yake buƙata kafin a taɓa kwamfuta. Zachman a cikin wannan aikin ya goge, kinga ba daga sama abin ya faɗo ba.

Abin da ya yi shi ne ya je ya duba yadda masu gine-gine da masu ƙera jirgin sama suke aiki. Ya lura cewa gini ɗaya ne amma zanensa ba ɗaya ba ne, akwai zanen da ake nuna wa mai gida ya ce eh haka nake so, akwai na mai zane, akwai na ɗan kwangila wanda ya san ƙarfe da siminti da abin da za a fara da abin da zai biyo baya, akwai na wanda aka ba aikin ƙofofi kawai shi ko ganin sauran ginin ba sai ya yi ba. Kuma nan ne wurin da mutane suke tsallakewa, ya ce waɗannan zanen ba wai ɗaya ne ake ƙara masa bayani ba, kowanne irinsa daban, don kowanne da mai kallonsa da abin da ya dame shi. Sai ya yi tebur, layukan kwance su ne masu kallon, layukan tsaye kuma tambayoyi. A 1987 tambayoyi uku ya cika, mene ne wato bayanai, ta yaya wato aiki, a ina wato netwok. A 1992 shi da John Sowa suka ƙaro uku, waye, yaushe, don me. Tambayoyi shida sau layin masu kallo biyar, gidaje 30 kenan, ko 36 in kin ƙirga layin ƙarshe na kamfanin da yake aiki a zahiri.

Yanzu ga inda zan ja kunnenki. Kar ki ce sai kin cike gidajen nan duka, kamfanoni da yawa sun gwada sun ƙare da tarin takardu da ba mai buɗewa. Shi kansa Zachman ya sha faɗa cewa teburin nan hanyar rarrabe abubuwa ce, bai gaya miki yi kaza sannan kaza ba. Amfaninsa a mitin yake fitowa. Ki ɗauka manajan ciniki ya ce kwastoma shi ne duk wanda ya taɓa sayen kayanmu, mai rumbun bayanai kuma ya ce a'a kwastoma shi ne duk mai layi a tebur kaza na rumbun, sun yi rabin awa suna ja-in-ja kowa ransa ya ɓaci, ke kuma kina zaune kin gane cewa tambaya ɗaya suke amsawa amma a teburin Zachman ɗaya a layin mai abu yake ɗaya a layin magini. Ki faɗi haka a fili, ki sa a fara tsayar da maganar mai abu sannan a ga yadda rumbun zai ɗauke ta. Ranar da kika yi wannan kin fara aikin EA ko zane ɗaya ba ki yi ba.

Bayan Zachman ki leƙa littafin Steven Spewak na 1992, Enterprise Architecture Planning, shi ya zo ya cike wancan giɓin na yaya za a yi, ya ce a fara da sanin inda ake yau, sannan fasalin bayanai, sannan manhajoji, sannan fasaha, sannan shirin ƙaura. Ba sai kin cinye shi duka ba. Sai ki nemi bayanin ƙa'idar IEEE 1471 ta shekarar 2000, wadda ta zama ISO 42010 a 2007 aka sabunta ta a 2011, abu ɗaya kawai nake so ki ɗauko a ciki, kowane zane sai an san wa aka yi wa shi da damuwar da yake amsawa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina shirin zana jarabawar TOGAF, abokina ya ce in na samu satifiket shikenan na zama akitek. Gaskiya ne? Kuma littafin ya yi kauri da yawa.

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Jarabawar ka zana ta in kana da hali, kamfanoni suna nemanta a tallan aiki kuma za ta ba ka yaren da ake magana da shi a fannin, in wani ya ce muna mataki B ko muna binciken giɓi ba za ka tsaya kana zare ido ba. Amma maganar abokinka ba haka take ba.

TOGAF kundi ne da yake nuna yadda ake gudanar da aikin EA, sigarsa ta farko a 1995 ta fito, kuma daga TAFIM aka ciro shi, wani kundin ma'aikatar tsaron Amurka na tsara fasahar bayanai. Ƙungiyar The Open Group ce take riƙe da shi, siga ta 9 ta fito a 2009, ta 10 a 2022. Lokacin da aka haife shi gwamnatin Amurka tana fama da firojek-firojek na kwamfuta masu lashe kuɗi ba sakamako, har majalisa ta yi dokar Clinger-Cohen a 1996 da ta ɗora wa ma'aikatu su naɗa shugaban fasahar bayanai kuma su mallaki tsararren fasali, daga nan FEAF, kundin fasali na gwamnatin tarayyarsu, ya fito a 1999, sojoji kuma suka yi nasu C4ISR wanda ya koma DoDAF a 2003. Kaga dalilin kaurin kenan, kundaye ne da aka rubuta wa manyan hukumomi masu 'yan kwangila barkatai, inda dole komai ya zama a rubuce don a san wa za a tuhuma.

Zuciyar TOGAF ita ce ADM, zagaye ne mai matakai daga A zuwa H, hangen nesa, fasalin kasuwanci, bayanai da manhajoji, fasaha, damammaki, shirin ƙaura, sa ido kan aiwatarwa, kula da canji, buƙatu kuma a tsakiya. Tunani ne mai kyau, ina muke, ina za mu, me ya rage, me za a fara. Matsalar tana zuwa ne in mutum ya ɗauka dole ya bi shi daki-daki ya fitar da kowace takarda da aka lissafa, kafin ya gama zagaye ɗaya kamfanin ya canja shugaba ya sayi wani kamfani. Akwai wani mai bincike, Svyatoslav Kotusev, da ya bi kamfanoni yana kallon abin da akitek suke yi da gaske, ya rubuta The Practice of Enterprise Architecture a 2018, abin da ya tsaya a kai shi ne waɗanda suke cin nasara ba sa bin firemwok, wato kundi irin su TOGAF, yadda aka rubuta, 'yan takardu kaɗan suke amfani da su wajen yanke shawara tsakanin 'yan kasuwanci da 'yan fasaha. Bakinsa da kaifi, ba kowa yake yarda da shi ba, amma ka karanta shi kusa da TOGAF don ka ji ɓangare biyu.

In kuma littafi ɗaya tak za ka saya, ni dai Enterprise Architecture as Strategy zan ce maka, na Jeanne Ross da Peter Weill da David Robertson, 2006, daga binciken cibiyar CISR ta jami'ar MIT. Tambaya biyu suka ce shugabanni su amsa kafin a sayi ko saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da manhajoji suke zaune a kai. Shin sassan kamfaninmu dole ne su yi musayar bayanai da juna don aiki ya tafi? Shin dole ne su yi aiki iri ɗaya a ko'ina? Amsar eh ko a'a ga waɗannan biyun ta ba ka salo huɗu na tafiyar da kamfani. Kamfanin jiragen sama irin Delta, wanda suka kawo misali da shi, duka biyun eh ne, don fasinja ɗaya da jakarsa da jirginsa dole kowa ya gan su a sistem ɗaya. Bankin ING Direct kuwa a wancan lokacin kowace ƙasa da kwastomominta amma salon aikin ɗaya ne ake kwafa. Kamfanin da yake da sana'o'i daban-daban da ba ruwan wata da wata, shi tilasta masa sistem ɗaya asarar kuɗi ce. Wallahi rigingimu da yawa da ake yi kan wace manhaja za a saya, asalinsu ba a zauna an amsa tambayoyin nan biyu ba ne, kuma wannan ba amsar sashen kwamfuta ba ce, ta masu kamfani ce.

Tambaya: Malam ni ɗalibin digiri na biyu ne. Malaminmu ya ce injiniyancin kamfani daban yake da EA, ya ba mu littafin Jan Dietz mu karanta, na yi babi uku ban gane inda ya dosa ba. A taimaka.

Amsa: Sannu da ƙoƙari ɗalibi, littafin da nauyi kam, don babin farko-farko falsafa ce zalla kuma shi Dietz mutum ne mai son a ayyana komai tsaf kafin a motsa. Enterprise Ontology sunan littafin, 2006, shi kuma a lokacin farfesa ne a jami'ar fasaha ta Delft a ƙasar Holan, hanyarsa ana kiranta DEMO. Wannan littafin ina ƙaunarsa sosai, bari in ba ka mabuɗin sai ka koma ka sake karantawa.

Ƙorafinsa shi ne yawancin zanen ayyuka da ake yi suna bin takarda ne, fom ya tashi daga teburin wane ya je na wane, an shigar a kwamfuta, an buga, an sa hannu, an yi fayil. Gobe in aka kawo sabuwar manhaja duk zanen ya tashi a banza. Shi ya ce a ƙarƙashin wannan duka akwai abin da ba ya canjawa, wato mutane suna ɗaukar wa juna alkawari. Ya ɗauko wannan daga tunanin Jürgen Habermas da kuma aikin Terry Winograd da Fernando Flores na 1986, masu cewa magana ita kanta aiki ce, in ka ce na yi alkawari ba labari ka bayar ba, wani abu ka ƙulla.

Toh ga yadda abin yake. Kowace mu'amala mutum biyu ne, mai nema da mai yi, kuma taku huɗu ne, nema, alkawari, sanarwar an gama, karɓa, aikin kansa kuma yana tsakanin alkawari da sanarwa. Ɗauki kamfanin kai saƙo. Kwastoma ya ce a kai min kunshin nan wuri kaza ranar kaza, ya nema. Kamfani ya ce za a kai, ya yi alkawari, ko ya ce ba ma zuwa can, ya ƙi. Direba ya kai. Kamfani ya ce an kai, sanarwa. Kwastoma ya ce na gani ya isa lafiya, ya karɓa, ko ya ce a fashe ya iso ban yarda ba. Ko ta waya aka yi, ko ta manhaja, ko da takarda da biro, takun nan huɗu suna nan. A cikin wannan mu'amalar kuma akwai wasu ƙanana, biyan kuɗi mu'amala ce inda kamfani ne mai nema kwastoma mai yi, ɗora kaya a mota wata ce tsakanin ofis da sito.

Yanzu je ka tambayi ma'aikatan wannan kamfanin, a wane lokaci ne daidai muke ɗaukar alkawari, kuma waye yake da ikon ɗaukarsa? Sau tari shiru za ka ji. Yarinyar da take karɓar waya ta ce ni dai rubutawa nake, mai tsara motoci ya ce ni abin da na gani a allo nake bi, manhaja kuma ta riga ta tura wa kwastoma saƙon an karɓi odarka, shi kuma ya ɗauka alkawari ne. Ba wanda ya duba ko akwai mota ranar. Kaya suka makara, kowa ya ce ba laifinsa ba ne, kuma gaskiyarsu, don ba a taɓa ba wa kowa wannan alhakin ba. Zanen da yake bin takarda ba zai nuna maka wannan ramin ba, na Dietz zai nuna, saboda dole ka rubuta sunan matsayin da yake yin kowane taku ko da a shiru ake yinsa.

Ya kuma raba aiki gida uku, aikin da yake haifar da sabon abu kamar yanke hukunci ko ƙera kaya, aikin lissafi da tuno bayani, da aikin ajiya da kai takardu. Na farkon ne ainihin kamfani, sauran biyun hidima suke masa, kuma in ka ware su za ka ga zanen da ya cika bango ya dawo shafi ɗaya.

Bambancin da malaminku yake nufi kuwa, su masu injiniyancin kamfani, Dietz da abokin aikinsa Jan Hoogervorst, suna ganin kamfani abu ne da ake ƙerawa da gangan, don haka sai an san yadda aka harhaɗa cikinsa kafin a canja shi, sanin amfaninsa daga waje bai isa ba. A wurinsu fasali ƙa'idoji ne da suke taƙaita wa mai zane zaɓi. Inda nake ganin rauninsu shi ne hanyar tana son horo sosai, manaja ba zai kalli zanen DEMO ya gane nan take ba, sai ka fassara masa da bakinka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni injiniya ne a masana'anta. Duk abin da nake gani na bankuna ne da ofisoshi. Mu masu injina ba mu da namu ne?

Amsa: Kuna da shi Injiniya, naku ma tsoho ne, sai dai ba a cika tallata shi ba. A shekarun 1980 Turai ta zuba kuɗi a shirin bincike na ESPRIT, a ciki wata haɗakar kamfanoni da jami'o'i mai suna AMICE ta fitar da CIMOSA, wanda yake kallon masana'anta ta fuska huɗu, aiki, bayanai, kayan aiki, da tsarin shugabanci. A Faransa Guy Doumeingts na jami'ar Bordeaux ya yi GRAI, shi hankalinsa yana kan yanke shawara, wa yake yanke me, na tsawon wane lokaci, duk bayan yaushe ake sake dubawa. A Amurka Theodore Williams na jami'ar Purdue ya yi PERA, wanda ya dage sai an fayyace wane aiki mutum zai yi wanne inji zai yi. Daga baya kwamitin haɗin gwiwa na ƙungiyoyin masana na duniya IFIP da IFAC, su Peter Bernus, suka tattara su a GERAM, wanda ya shiga ƙa'idar ISO 15704 a 2000. Abin da ya burge ni a GERAM shi ne ya bi rayuwar abu tun daga tunaninsa har ranar da za a rufe shi a kwance, wanda yawancin masu tsari ba sa son tunawa.

Kuma ina kyautata zaton kana amfani da jikan wannan aikin ba tare da an gaya maka ba. Matakan nan na ISA-95, ƙa'idar haɗa tsarin injina da na ofis, mataki 0 aikin kansa a filin masana'anta, 1 da 2 na'urorin aunawa da sarrafawa da allon sa ido, 3 tafiyar da samarwa, 4 tsare-tsaren kasuwanci inda ERP, wato babbar manhajar tafiyar da harkokin kamfani, yake zaune, daga samfurin Purdue suka samo asali, kuma yau masu tsaron intanet da shi suke raba netwok ɗin injina da na ofis. Littafin François Vernadat na 1996, Enterprise Modeling and Integration, shi ne ƙofar shiga mafi sauƙi.

Tambaya: Malam wane yaren zane zan koya, UML ko BPMN ko ArchiMate? Kowa da abin da yake gaya min. Ƙanwarka ce.

Amsa: Ƙanwata, ya danganta da wanda za ki nuna wa. UML, wanda Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa kuma ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta OMG ta amince da shi a 1997, na cikin manhaja ne, ki bar shi tsakaninki da firogiramomi. BPMN na bin aiki ne taku-taku, wa ya yi me sannan me, siga ta 2.0 ta fito a 2011. ArchiMate shi aka yi don EA, a Holan aka ƙirƙire shi tsakanin 2002 da 2004 ƙarƙashin Marc Lankhorst a Telematica Instituut, tare da bankin ABN AMRO da hukumar harajin ƙasar da wasu, yanzu yana hannun The Open Group. Hawa uku ne a asalinsa, kasuwanci, manhajoji, fasaha, kuma ƙarfinsa shi ne ki ja zare daga sama har ƙasa, wannan hidimar da muke wa kwastoma wace manhaja ce take ɗauke da ita, a kan wace saba take, in ta mutu wa zai ji a jikinsa. Littafin Lankhorst, Enterprise Architecture at Work, shi ne madogara, kuma akwai manhajar Archi kyauta da za ki yi atisaye da ita. Ki fara da alamomi kaɗan, in kika zuba su duka a shafi ɗaya ba mai karantawa.

Amma akwai tsofaffi biyu da nake so ki fara ratsawa. Na farko muƙalar Peter Chen ta 1976 kan abubuwa da alaƙarsu, kwastoma, oda, kaya, da yadda suke haɗuwa, duk wanda ya iya wannan da kyau rabin rikicin bayanai ya wuce shi. Na biyu IDEF0, wanda ya fito daga salon zane na SADT na Douglas Ross ta hanyar shirin ICAM na sojojin saman Amurka. Akwati ɗaya ne da aiki a rubuce a ciki, misali amince da biyan kuɗi. Kibiya daga hagu abin da yake shiga, takardar neman biya. Daga dama abin da yake fita, umarnin biya. Daga ƙasa mai yin aikin, akanta da manhajarsa. Daga sama kuma abin da yake tsare aikin, dokar kamfani da iyakar kuɗin da akantan yake da ikon sa wa hannu. Wannan kibiyar ta sama ita ce ake mantawa a yawancin zane na yau. Kuma ƙa'idarsa akwati uku zuwa shida a shafi, in sun fi haka ki fasa ɗaya ki buɗe masa shafinsa.

Tambaya: Malam ka yi haƙuri, amma ni ina ganin karanta rubutun 1987 a zamanin kilawud da AI ɓata lokaci ne. Komai ya canja.

Amsa: Ba laifi ɗan'uwa, kuma rabin maganarka gaskiya ce, duk babin da yake maganar irin injin da za a saya ko yadda za a ja waya tsallake shi. Amma ga biyu da nake so ka gwada ka ga ko sun tsufa. A 1968 Melvin Conway ya rubuta a mujallar Datamation cewa duk ƙungiyar da ta ƙera sistem, fasalin sistem ɗin zai kwaikwayi yadda mutanenta suke magana da juna. Je ka dubi manhajojin wurin aikinku, in sassa biyu ba sa ga maciji za ka tarar manhajojinsu ma ba sa magana, sai an fitar da fayil ɗin Excel daga nan an kai can da hannu, kuma mayar da su kilawud bai gyara wannan ba, wurin zamansu kawai ya canja.

Na biyu muƙalar Michael Hammer ta 1990 a Harvard Business Review. Ya ba da labarin sashen biyan 'yan kwangila na Ford a Arewacin Amurka, ma'aikata sama da 500, suna shirin sa kwamfuta su rage kashi 20 cikin ɗari, sai suka leƙa Mazda suka ga mutum 5 ne suke wannan aikin. Ko an yi la'akari da bambancin girma, tazarar ta yi yawa. Da suka bincika sai suka ga yawancin lokacin ma'aikatan yana tafiya ne wajen daidaita takardu uku da suka saɓa, takardar oda, takardar karɓar kaya, da takardar neman biya daga mai kawo kaya. Sai suka soke ta ukun gaba ɗaya, mai saye ya shigar da oda a rumbu, kaya in sun iso mai karɓa ya duba allo, in sun dace ya danna, biya ya fita, in ba su dace ba a mayar da kayan. Hammer ya ce sun rage yawan ma'aikatan sashen da kashi 75 cikin ɗari. Yau kamfani zai sa AI ya riƙa karanta takardun nan uku yana daidaita su da sauri, ba wanda ya tsaya ya tambaya ko ana buƙatar ta ukun.

Sai dai in za ka karanta Hammer ka haɗa da abin da ya biyo baya, don guguwar da ya tayar shi da James Champy da littafinsu na 1993 ta koma hujjar korar ma'aikata a wurare da yawa, har Thomas Davenport, wanda yana cikin waɗanda suka fara harkar, ya fito a 1995 ya rubuta cewa yayin ya manta da mutane. Wannan abin yana damuna har yau, saboda akwatin da kake gogewa a zane wani ne yake zaune a cikinsa, kuma sau da yawa shi kaɗai ya san dalilin da ya sa ake yin wani taku da kai kake gani kamar ba shi da amfani. Kafin ka cire taku je ka zauna da mai yinsa ka tambaye shi me yake faruwa ranar da abu ya lalace, wa yake kira, wace takarda yake dubawa, sannan ka koma kan zanenka ka ƙara abin da ya gaya maka.

Sauran tambayoyin kan ARIS na August-Wilhelm Scheer da yadda ya shiga aikin SAP, da ta mai tambaya kan Stafford Beer, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aikowa, kuma dan Allah ku riƙa faɗin irin aikin da kuke yi don amsar ta dace da ku.